Turaku Huɗu a Ƙofar Mas'udu

Bayan isha'i aka ji wani sauti da ba a saba ji ba a unguwar: ƙwal, ƙwal, sai shiru, sai kuma ƙwal. Bappa Yari ya leƙo ta saman darni da tocila, ya tarar da maƙwabcinsa Mas'udu yana kafa turaku huɗu a jere a ƙofar gida.

"Mas'udu, awaki ka sayo?"

"A'a, Bappa. Gobe ranarmu ce, mu gwauraye."

Tun da matarsa ta tafi, duk azumi sai yaran Bakura sun zo ƙofarsa da gwangwanaye suna yi masa waƙar gwauro. Shi direba ne na wani ɗan ƙasar Sin, Mista Lin, mai gyaran injinan ban ruwa a Talata Mafara. Mista Lin ne ya ba shi labari cewa a ƙasarsu, ranar sha ɗaya ga watan sha ɗaya ta marasa aure ce. Ɗaya huɗu ke nan a jere, kowacce tsaye ita kaɗai kamar sanda. A ci, a sha, ba mai yi wa wani dariya. Abin da Mas'udu ke so ke nan, ko da sau ɗaya ne: ya zauna a ƙofarsa ba a nuna shi da baki ba.

Ya gayyaci gwauraye har na Birnin Tudu da Janbako. Ya sayo tsire, kowa tsinke huɗu. Washegari da la'asar ya shimfiɗa tabarmi, ya sa babbar riga, ya zauna.

Ba wanda ya zo. Ishaq mai faci ya wuce a kan babur, ya kau da kai kamar yana nazarin gajimare. Wa zai zauna gaban turaku, gari ya zo yana ƙidaya shi?

Mas'udu ya kira Mista Lin.

"Ba zuwa, Mas'udu," in ji shi da guntuwar Hausarsa. "Mama ta kai hotona lambu, can iyaye suna dubawa, neman wa 'ya'ya aure. Ta samo yarinya. Yau gaisuwa a waya."

"Ba kai ka ce ba a takura muku ba?"

"Rana ɗaya. Sauran ranaku, Mama."

Tsire ya fara sanyi sai ga Hindatu mai ƙosai, bazawarar bayan masallaci, ta yi sallama.

"Na ji an ce na marasa aure ne. Ko ban da mata?"

Wannan kam bai tambayi Mista Lin ba. Ta zauna a gefen tabarma, ta ci tsinke guda, ta ce yaji ya yi kaɗan. Sannan ta girgiza turken ƙarshe.

"Wannan bai kafu ba. Miƙo min dutsen can. Kai riƙe."

Ya riƙe, ta buga. Ƙwal, ƙwal.

Bappa Yari ya sake leƙowa ta saman darni. Ya dubi hannayensu a kan turke ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"To Mas'udu, baɗi wa zai kafa turakun?"