Giginyoyin Maina

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bayan kasuwa a Dogo-Dogo ya san giginyoyin Maina, su biyu a ƙofar gida, daidai inda ruwan makwarara yake fita. Ba giginyoyi ba ne na ainihi. Gajeru ne, ƙwallonsu kuma bai fi goro ba, sai dai ganyensu irin na giginya ne, shi ya sa sunan ya bi su. Koraye ne shar, har da ɗan toka-toka. Ƙande, matar marigayi Maina, ita kaɗai ta rage mai cewa a da jajaye ne.

Maina shofer ne, ya yi ƙuruciyarsa yana jan kamiyo, babbar motar kaya, da wake zuwa Kotonu. A can ya ga itacen a jardan, wato lambun furanni, na wani otel, ya bi mai ban-ruwan da roƙo har ya ba shi 'yan tsiro biyu a buwatu, wato gwangwanin tumatir, mace da namiji. Lokacin Ƙande amarya ce, tana saƙar tabarma, kullum hannunta ja da karan dafin da take rina kaba. Ya dire mata buwatun ya ce ga kabar da Allah ya rina da kansa, ta huta da tukunya. Idan tana ba da labarin nan har murya takan canza. Ta ce hannun ganyen ja ne wur, gefensa ja, jijiyoyinsa ja, in rana ta doke su da hantsi mata sukan tsaya da tulu a ka suna kallo.

Ita kuwa ta ɗauki maganarsa da gaske. Yana komawa hanya ta yanke ganye ɗaya ta shanya, jan ya gudu, ya bar mata busasshen abu da ko faifai ba zai yi ba. Da ya dawo ya ga gurbin, ya ƙi cin tuwo, suka yi faɗansu na farko a kan ganye. Daga nan duk sanda ya sauka daga mota, sai ya duba su tukuna ya shiga gida, ita kuma ta leƙo ta tambaye shi ko sun ba shi ruwan sha.

Jan bai tafi rana ɗaya ba. Suna girma yana raguwa, ya bar gefen ganye, ya bar jijiya, ya maƙale a gindin hannu, har wata shekara aka duba babu. Ba wanda ya lura da ranar, don ana ta haihuwa da noma da jana'iza. Kafin Rabilu, ɗansu na fari, ya yi wayo, itatuwan sun koma kamar na kowa. Maina ya rasu, matan da suka tsaya da tulu wasu sun bi shi, wasu aure ya kai su Dantchiao da Magarya. Ƙande kuma yanar ido ta fara rufe mata gani.

Sai hanyar masu moto, wato babur, ta dawo ta ƙofar gidan, Rabilu ya ce zai gina butik, ɗan shagon saye da sayarwa, kuma babu fili sai inda giginyoyin suke. Rabilu ba mugu ba ne, mutum ne mai bakuna da yawa a gida da gona mai yashi. Ya ce da dabino ne ko mangwaro da ya haƙura, amma itacen da ko akuya ba ta kula 'ya'yansa, inuwarsa kuma ba ta isa mutum biyu, me za a yi da shi? Ƙande ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa doguwar magana, kunyar ɗan fari. Sai ta aika matarsa Zulai ta gaya masa waɗannan ba irin itatuwan garin nan ba ne, jajaye ne, ubansa ya ɗauko su tun daga bakin teku.

Rabilu ya fita ya ɗaga kai ya dube su, ya dawo ya ce wa Zulai a hankali, tsufa ne, a riƙa lallaɓa ta. Idon Ƙande ne ya yi rauni, kunnenta garau yake. Maganar nan ta fi saran itacen yi mata ciwo. In jan nan ba a taɓa yin sa ba, to buwatun ma ba a yi ba, da ƙin cin tuwon, da duk abin da take zama da shi da rana in gida ya yi shiru.

Ranar kasuwar Guci, da Rabilu ya tafi, ta yi abin da hannunta ya iya. Ta tono ragowar karan dafinta, ta dafa da kanwa kamar da, ta jawo turmi ta kife, ta hau da tsumma. Ba yaudara ta yi niyya ba, so take ya ga yadda suke sau ɗaya kafin gatari. Amma mai rinin da ba ta gani sosai sai a hankali. Rinin ya zubo ta jikin itacen, ya ɗiga a ƙasa, ya ɓata mata zane, inda ta nufa kuma rabi bai samu ba.

Da la'asar Rabilu ya dawo ya tarar da mutane a ƙofar gida suna ƙunshe dariya. Ya lasa yatsa ya goga a hannun ganye, ya duba, yatsan ya yi ja.

"Inna, ashe irin wannan jan ne," ya ce, ba da faɗa ba.

Ta juya ta shige ɗaki. Unguwa kuwa, da ba ta rasa masana, kafin magariba ta yanke hukunci cewa tun zamanin Maina ma ita ke shafa musu rini don a ce mijinta ya kawo abin mamaki.

An sare su kafin damina. Ƙande ba ta fito kallo ba. Da masu saran suka tafi ta fito da ƙwarya, tana laluben ƙasa da hannu, ta tsince ƙwallayen da suka zube, don bayan rasuwar Maina ne macen ta fara 'ya'ya. Ta kai bayan ɗaki ta haƙa rami ta binne su yadda ake binne ƙwallon giginya in ana son muruci. Zulai ta tambaye ta ko ci za ta yi. Ta ce a'a, kawai ba ta iya barin su a hanya moto yana takawa. Gungumen biyu aka jera a gaban butik, suka zama wurin zaman masu jiran a cika musu waya da wuta.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, kowa ya manta. Idon Ƙande ya ƙara rufewa har ta daina saƙa, sai ta zauna a bakin ƙofa tana jin hirar masu butik daga nesa. Gero ya fara fitar da kai ranar da Zulai ta zagaya bayan ɗaki neman inda kaza take ƙwai, ta dawo ba ƙwai, ta kira mijinta, ta kuma kamo hannun Ƙande.

Tsirrai ne sun huda ƙasa a bakin ramin, sirara, tsawon ɗan yatsa. Rabilu ya tsuguna ya ƙura musu ido. Ƙande ta sunkuya iyakar iyawarta, amma abin da take gani duhu-duhu ne kawai a kan yashi.

"Zulai, tambaye shi wane launi ne."

Zulai ba ta tambaya ba, don tana kallonsa ya lasa yatsa ya goga a kan ɗaya, ya duba, ya sake gogawa da ƙarfi har tsiron ya lanƙwasa.

"Ja ne, Inna," in ji Zulai.

"Ya goge?"

"Bai goge ba."

Ƙande ta miƙe a hankali, ta riƙe ƙugu. Ba ta yi murna irin ta wanda ya ci gardama ba, kewar Maina ce ta taso mata sabuwa, har ta rasa inda za ta sa hannunta. Ta fara cewa Zulai ta gaya masa ya samo ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki, sai ta tsaya, ta juya wajen da take jin numfashinsa, ta yi masa maganar da kanta.

"Ka dube shi da kyau tun yanzu. Ba ya daɗewa."