Butar Shayin Halidu

Bokitin wanke hannu yana nan a ƙofar gidan Baraka a Akokan, shuɗi mai ɗan famfo, da guntun sabuni a kan murfin gwangwani. Na sauran gidaje tuni aka shigar da su ciki, wasu sun zuba gero, wasu sun jiƙa wanki. An buɗe masallatai, 'yan kabu-kabu sun koma goyon mutum biyu, kowa ya ce korona ta wuce. Baraka kaɗai ke cika nata kowace safiya.

Mijinta Halidu ya rasu ne lokacin da aka hana taro. Tari ya fara da zazzaɓi, aka kai shi gidan likita, bai dawo ba. Mutanen da suka yi masa salla ba su cika sahu ɗaya ba. Ba a yi zaman makoki ba, ta yi takabarta ana yi mata gaisuwa ta bayan katanga.

Ya bar mata yayansa Mano. Shekarun da Mano ya yi yana aiki a ƙarƙashin ƙasa sun gama da ƙirjinsa, daga ɗaki zuwa bayi sai ya tsaya ya dafa bango. Likita ya gaya mata a fili cewa ko mura mai ƙarfi ba zai iya ɗauka ba, balle korona. Tun daga ranar ba ta bar kowa ya shiga ɗakinsa ba. Kwanonsa daban, kofinsa daban.

Da aka rufe ramin ma'adinin da Halidu da Mano suka yi aiki, abokan aikin Halidu suka fara ɗaure kaya, wannan zai koma Maradi, wancan Tawa. Suka ce ba za su watse ba sai sun zo sun yi masa addu'ar da ba a yi ba. Baraka ba ta iya cewa a'a ba. Ita ma abin yana cinta.

Ranar, maƙwabciyarta 'Yargata ce ta fara shigowa, ta wuce bokitin kamar ba ta gan shi ba.

"Wanke hannu, 'Yargata."

"Ke Baraka, har yanzu? Gwamnati da ta kawo abin ma ta gaji, ke ba ki gaji ba?"

"Na gaji. Wanke dai."

'Yargata ta wanke, tana mita. "Da wannan ƙyallen a baki kamar akuyar da aka hana ɓarna. Mutane za su ce ƙyamarsu kike."

Baraka ta san sun riga sun ce.

Maza suka cika rumfar tsakar gida. Tana cikin kwashe shinkafa ta ji Mano yana kira. Ta same shi zaune a bakin gado, ya sa babbar riga da hula, yana haki saboda wahalar sawar.

"Yaya, ina za ka?"

"Wurin addu'ar ƙanena."

"Kana ji daga nan."

"Daga nan na ji an fita da shi," in ji Mano. Ya tsaya ya nemi numfashi. "Mutanen nan tare muka sauka rami. In suka tafi ba zan sake ganinsu ba. Kin tsare ni, Allah ya biya ki, amma fa ban mutu ba tukuna."

Ta tsaya riƙe da ludayi. Can ta fita ta shimfiɗa masa tabarma a gefen rumfa, nesa kaɗan, inda iska ke wucewa. Ta ɗaura masa takunkumi, ta roƙi a gaishe shi da baki. Ta ɗauko ƙaramin kofin shayinsa ta ɗaura masa jan zare, don kada ya gauraya da na mutane.

Amastan ne ya zauna gaban gawayi. Ba'abzine ne, direban motar ma'aikata, aminin Halidu, kuma duk inda aka taru shi ke dafa shayi. Da ya ga takunkumin Mano sai ya taɓa rawanin da ya rufe masa baki da hanci.

"Kun gani? Shekaru kuna yi mana dariya, yanzu duk kun zama mu."

"Naka ko wanki ba ya gani," in ji Mano, aka yi dariya. Rabon Baraka da ta ji muryarsa haka har ta manta.

Bayan an shafa fatiha shayi ya nuna. Tana tsaye a ƙofar madafi tana kallon kofin mai jan zare. Amastan ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, kumfa ta tashi. Ya janye rawani, ya kau da kai ya yi tari, ya kurɓa daga wani kofi ya ji sukari, sannan ya mayar da ragowar cikin buta, kamar yadda kowane mai shayi ke yi. Daga butar nan ya cika kofin Mano.

Duk zamanta da Halidu haka ta ga ana yi, amma ta tsaya ɗaura zare ta manta da buta. Ba ta san sanda ta ratsa cikin maza ba.

"Yaya, kada ka sha."

Mayar wa mutum shayin da ya dafa da hannunsa ba ƙaramin abu ba ne a nan. Amastan ya ja rawaninsa sama har kusa da ido.

"Matar abokina, bakina ne ke da dauɗa?"

"Ka yi tari," in ji ta.

Mano yana riƙe da kofin. "Baraka," ya ce a hankali, "wallahi na gaji."

Ta juya ta shiga ɗakinta. A kan akwati, inda Halidu ya ajiye ta da hannunsa, ƙaramar butar shayinsa take. Ko shara take yi kewaye ta take. Ta ɗauka, ta buɗe, busasshen ganyen shayinsa na ƙarshe yana manne a ƙasa. Ta kai ta wurin bokiti ta wanke da sabuni, ganyen ya bi ruwa cikin yashi. Ta kawo ta ajiye gaban Amastan.

"A dafa wa Yaya a nan. Kada a ɗanɗana."

Amastan ya daɗe yana kallon butar. Hannun butar ya taɓa karyewa, shi ya ɗaure shi da waya. Ya tashi ya je ƙofar gida ya wanke hannu har gwiwa, ya dawo ya ɗora ta a kan gawayi. Mano ya ajiye kofin farko a ƙasa, Baraka ta zubar ta wanke.

Da na biyun ya zo, Mano ya sauke takunkumi ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Ɗaci kamar magani. Kai Ba'abzine, ashe harshenka ne ke dafawa, ba kai ba."

"Ka sha haka nan, an hana ni aikina."

Ya shanye, har ya miƙa a ƙara.

Da la'asar gida ya watse. Ta raka Mano ɗaki, suna tsayawa a hanya yana hutawa. Ta fito ta ga bokiti ya ƙare, ta ɗebo ruwa ta cika. Butar tana kife a kan turmi tana bushewa. Ta ɗauka za ta mayar kan akwati, sai ta tsaya, ta kai ta madafi ta ajiye kusa da kwanon Mano.