Wasan da Anka Yanke ma Dariya

…kuma wai shi za a ce ya tahi. Shi, Ma'azu. Ya bar injin ban-ruwa uku a warwatse bisa buhu, masu su na jira, albasarsu na ƙishi a fadama, ya hau bayan kabu-kabu cikin ranar ga mai dafa ƙeya — don wa? Don Lawwali. Lawwali ɗan kirifto. Lawwalin da ya mai da samarin Wurno kaji, kai ƙasa, yatsa na saran gilashin waya tun safe har la'asar, wai mainin suke, wai haƙar kuɗɗi suke. Haƙa! Ba fartanya, ba gumi. Haƙa a zaune.

Rami. Ƙugu ya amsa. Mai mashin ɗin ga makaho ne ko mugu?

Gwaggo Habi ba ta ko zauna ba, shi ne abin. Da ta zauna, da ta yi kuka, da ya san yadda zai yi da ita: ya kwaikwayi tafiyar marigayi mijinta, ta yi dariya dole, tun shina ƙarami haka yake kwance ta. A'a. Bakin shago ta tsaya da safen ga, tsohuwa da sanda, ƙanwar mahaifinshi, uwar Lawwali, ta dube shi kamar ta ga mushe. "Bakinka ya kai min ɗa. Tashi ka kai bakin ya maido shi." Ta juya. Ko gaisuwa ba ta amsa ba.

Bakinshi. Kowa bakinshi. Wayar fa? Ita waliyiya ce?

To wai mi ne ne ma abin? Kuɗɗin da ba a gani, ba a taɓawa, ba a ƙulle su a bakin zane. Yau kore, gobe ja. In sun yi kore Lawwali ya sayo ma majalisa tsire, in sun yi ja ya ce a riƙe, a riƙe, za su tashi — kamar mai jinyar jaki. Malamin masallacin gabas ya ce caca ce, haramun tsantsa. Na yamma ya ce a'a, kamar gwal ne, in dai hannu da hannu anka yi… wane hannu? Hannun wa ya taɓa su? Rediyo ta ce gwamnati ta ce su ke kashe naira. Lawwali ya ce naira ta mutu tun ba a haifi wayar ba, gawa kawai ake yawo da ita. Sai tafi raf-raf. Sai fasta. Awo, har da fasta! Hotonshi jikin garun kowa, hula a karkace, waya a hannu, wai kansila yake nema. Kuɗɗin da gwamna bai iya rufewa, banki bai iya hanawa, kuɗɗin talaka. Talakan da ba shi da na caji?

Amma shekarar da anka canza kuɗɗi… layi a bakin banki har rana ta take, albasa ta tsiro cikin buhu don ba mai takardar saye, Ma'azu ya yi gyara sati biyu ana biyan shi da Allah-ya-saka. Wannan kam an yi. Shi ya sa yake ƙara jin haushi. Shegen Lawwali in zai yi ƙarya sai ya fara shimfiɗa gaskiya a ƙasa.

Inuwar dogon yaro ta bakin tasha, shekara ashirin tashi ce. Wa ya ɗaure ma mai gyangyaɗi takalmi da benci? Wa ya sa kwaɗo a hular sarkin tasha? In Ma'azu ya gyara murya har mai shayi kashe risho yake don ya ji. Yanzu? Ya ɗauko labari mai maiƙo, ya kai daidai wurin da ake faɗuwa ƙasa — "Dakata, Ma'azu, yau za ta fashe." Kawuna goma bisa waya ɗaya, wai yau harkar za ta fara biya. Ta fashe. Allah ya fasa ta.

Shanu sun tare hanya. Mai mashin na zagi. Gero ya yi kai hagu da dama, tsayinshi ya wuce mutum, kuma ba mai son ganin gero ya wuce mutum a hanyar ga yanzu…

Wasa ne. Abin da zai ce ke nan. Kalma biyu. Wasa ne, ranka ya daɗe, taubashina ne, uwarshi da ubana ciki ɗaya. Duk Wurno ta sani. Ranar ɗaurin auren Lawwali wa ya miƙe a gaban surukai ya ce a yi ma amarya tanadin tabarma biyu don ango na fitsarin kwance? Shi kuma Lawwali bai taɓa shiga tasha ya ba da sanarwar Ma'azu ya rasu ba, mutane sunka zo gaisuwa da carbi sunka iske shi shina dama fura? An kai ƙara? An yi fushi? Haka anka gada. Taubashi ya ce maka ɓarawo, ka ce mishi maye, a tashi lahiya.

To mi ya bambanta na Goronyo?

Kwana tara ke nan. Ranar kasuwa. Fulogi da ringin inji ya je saye, ba faɗa ba. Sai ga murya daga rumfar masu cajin waya, sai ga Lawwali bisa benci, sabuwar shadda, samari sun kewaye, shina wa'azin kirifto kamar an aiko shi. Bakin ya buɗe da kanshi. "Ku bar sauraren infoman ga! Dannan da kuka ga shina yi, mutanen daji shika aika ma saƙo, su kuma da kirifto suka biyan shi!" Kuma Lawwali ya yi dariya. Wallahi ya yi. Ya ma rama, ya ce a ƙyale bawan ga, cikin injin mutane yake kwashewa ya sayar ya cika da laka. An yi dariya… wasu sun yi. Wasu kallo kawai sunka yi. Goronyo ba Wurno ba ce. Wa ya san Gwaggo Habi a can? Wa ya san wa ya haifi wa?

Wani ɗan banza ya ɗauka a waya. Ya yanke. Ba ramuwar, ba dariyar. Ma'azu kaɗai, wuya ya miƙe, yatsa na nuni, infoma, mutanen daji, ƙarshe. 'Yan ɗaya jam'iyyar sunka ɗauka, sunka liƙa hoton fastar Lawwali, sunka watsa kamar taki. Waya ce ta yi wannan, ba shi ba. Wayar da Lawwali ke bauta ma. Ta ci mai ita, sai a ce —

Sai a ce mi?

Ya gani ai. Tun kwana na biyu anka nuna mishi bidiyon a majalisa. Dattawan da ba su son kirifto sunka riƙa miƙo hannu: ka faɗi abin da ke ranmu, Ma'azu, kai kaɗai ne namiji. An matsa mishi wuri bisa benci. An sayo mishi shayi da madara. Kwana huɗu inuwar ta dawo tashi, kwana huɗu ba wanda ya ce dakata. Da ya ce wasa ne… zai ce ai, gobe ya ce zai ce. Wa ya san mutanen daji za su shiga wani ƙauye can gefen Goronyo? Wa ya san za a kore shanu, a tahi da mutum shida, a bar biyu kwance? Shi ya aiko su?

Shekaranjiya 'yan sa-kai sunka tare Lawwali a hanya, shina dawowa daga kamfe. Kai ne na bidiyo? Buɗe waya. Layuka kore da ja, lambobi masu tsawon igiya, saƙo daga mutanen da ba su da suna. Sunka cire hula, sunka sami takarda a naɗe, kalmomin Turanci goma sha biyu. Makullin asusunshi ne, kowane ɗan kirifto na da irinta, Ma'azu ma ya san wannan don ya sha yi mata ba'a. Su kuwa sun ce sunayen garuruwan da za a shiga ne. Wawa! Wa ke ɓoye takarda a hula in ba laya ba? Mai garin ƙauyen da anka shiga ne ya tare, ya ce ba mai fita da shi daga zaurenshi sai an kawo mai bakin. Zuwa la'asar ɗin yau. In ta wuce, za su tahi da shi bincike. Kowa ya san binciken. Ba a dawowa da takalmi biyu, ba a dawowa ma.

Mashin ya tsaya. Ƙafa ta mutu. Rumbuna biyu a ƙone, warin bai tahi ba. Mata na leƙe ta katanga, ba mai cewa sannu. Ashe haka fuskarshi ta yi suna.

Zaure. Duhu-duhu bayan hasken waje. Bindigogin gida jingine da bango, mutum kamar goma sha, ba fuska ɗaya da ya taɓa ba dariya. Mai gari tsoho bisa buzu. Kusa da shi wani dogo, jan ido, shi ne kwamandan, ƙanenshi na cikin biyun da anka rufe, mai mashin ya faɗa a hanya. Can kusurwa… shaddar ce ya fara ganewa. Sabuwar. Hannun rigar ɗaya ya yage. Ido ɗaya a rufe, leɓe kamar an cusa goro a ciki. Kai, Lawwali. Ina fasta? Ina kuɗɗin da ba a iya rufewa? Su buɗe ka mana. Su zo su — a'a. A'a. Ba yanzu ba.

Ya durƙusa. Ya faɗi kalmomin, sun fito, sirara kamar na mai azumi. Wasa ne, ranka ya daɗe. Taubashina ne.

Kwamandan ya tofar da yawu. Da jinin mutane ake wasa a Wurno? Nawa anka ba shi ya zo ya lashe abin da ya tofar? Mai gari ya ɗaga hannu. Tsoho ne, ya san abin, ƙila shi ma da nashi taubashin a wani gari. "In wasan taubasai ne, ba a ɓoye shi. Ga ka, ga shi. Ku yi mu gani."

Yauwa. Wannan ai gonarshi ce. Ya jefa, Lawwali ya rama, zaure ya ji yadda ake yi, shi ke nan, a hau mashin. Shekara arba'in da biyar suna yi ba shiri. Ɗaya kawai. Mai sauƙi. Na fitsarin? A'a, ba a gaban bindiga ba. Na kirifton? Duk wanda ya lalubo sai ya ji ƙaya a ciki, wanga ma, wanga ma… yaushe sunka zama haka duka? Ya ɗauko ɗaya. Ya saki haƙora.

"Kai bawa. Ashe da gaske ta fashe? A fuska ta fashe maka?"

Ƙuda na yawo bisa ƙwaryar ruwa. Rama mana. Ɓarawon ƙarfe, mai laka, maye, komi. Zagi ubana — a'a, ubana kawunka ne — to zage shi ɗin ma, an yafe. Buɗe bakin, ɗan Gwaggo, la'asar na tahowa!

Lawwali ya ɗago. Ido ɗayan ya tsaya bisa shi, ba fushi, ba komi. Ya gyara zama da ƙyar, ya haɗa hannu biyu kamar mai gaida baƙo.

"Sannu da zuwa, Malam Ma'azu. An sha hanya. Mun gode."

Malam.

Wani ya ja bindigarshi daga bango, ƙarfe ya karci ƙasa. Malam! Hauka yake? Bai ga inda yake zaune ba? Ya gwammace ya bi su daji da ya… don mi? Don kwana huɗun? An faɗa mishi kwana huɗun? Ko tun a kasuwa, tun bisa bencin, lokacin da yake dariyar nan yana ramawa, ya riga ya ji ƙayar da ke ciki? Su waɗanga ba su sani ba. Mai gari bai sani ba, Gwaggo ma ba ta sani ba. Duk duniya mutum ɗaya tak ke iya rarrabe wasan Ma'azu da gaskenshi, tun suna tsirara a bakin gulbi, ko da ido rufe… kuma ga shi can zaune, ya rarrabe.

"To?" in ji mai gari. "Muna saurare."

Gwiwa na ciwo. Haƙoran har yanzu a waje suke, ya manta yadda ake mai da su. Wani ɗaya. Ya nemo wani ɗaya, mai tsabta, wanda ba komi a cikinshi… akwai ai. Da akwai da yawa. Ina sunka…