Ruwan Bama a Unguwar Sarki

Sanda mai sayar da ruwa ya dire garwa biyu a ƙofar gidan Malam Datti, ladanin Unguwar Sarki, ya tsoma reshen mangwaro cikin ɗaya. Zafin bazara ya kai intaha. Inuwa, ƙanen ladan, yana rakuɓe a kan dakali yana karkarwa. Shekara tara ke nan da dawowarsu daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, shi da Sanda, amma barcin Inuwa bai biyo shi gida ba.

Malam Datti ya fito da sauri, ko hula babu. Ya ce, "Sanda! Bara na hana ka wannan tsafin, bana ma ka dawo?"

"Allah gafarta Malam, ruwan famfo ne. Da shi ka yi alwala ɗazu."

"Bikin masu gumaka ne! Ka ɗiga masa ko ɗigo ɗaya, ka bar cika randunan masallaci. Kowa a unguwar nan zai daina sayen ruwanka."

Randunan nan su ne tuwon 'ya'yan Sanda. Amma Malam bai je Bama ba, iyakarsa Rigachikun. Bai ga ranar da mutanen wani ƙauye suka fito bikin sabuwar shekararsu suna watsa wa juna ruwa ba, su kuwa sojoji suna tsaye da bindiga kowa na kauce musu. Wata tsohuwa ce ta matso da ƙwaryar azurfa, ta tsoma ganye, ta yayyafa wa Sanda a kafaɗa, ta yayyafa wa Inuwa. Wani tafinta da ke tare da sojojin ya ce wai tana wanke musu shekarar da ta wuce. Ran nan su biyun suka yi barci har aka nemi tashinsu aka kasa.

Sanda ya ce, "Ni dai ban yi wa gunki sujada ba, Malam. In an hana ni randuna, sai ku yi taimama."

Ya yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya yayyafa wa Inuwa a kafaɗar dama, sannan hagu. Daga nan ya ɗaga garwar ya juye masa a ka. Ruwa ya fallatsa har rigar ladan.

Inuwa ya ja dogon numfashi. Karkarwar ta ragu, ta tsaya. Ya jingina da bango, bakinsa a buɗe, sai minshari.

Malam Datti ya daɗe yana kallon ƙanensa. Ya matso dab da kunnen Sanda.

"Na dai faɗa maka, gobe kada in ga garwarka a masallaci," in ji shi da raɗa. "Kuma ɗauke garwa biyun nan a hankali, kada ƙarar ta tashe shi."