Ramin da ke Ƙarƙashin Teburin Yanka

Uwar Biyu ba ta da mantuwa, kuma ba ta taɓa cewa tana da yafiya ba. Shekara da shekaru tana tsaye a shagon kifi na yayan mijinta, tana kankare ɓawo tana fiɗa, har wuƙa ta yi mata kanta a hannu. Rannan wata mata ta dawo da kifi ya ruɓe. Yayan mijin da kansa ya sayar da shi, amma mutumin nan ya dubi idon jama'a ya ce, "Aikin wannan ƙazamar ne." Ya kore ta a gaban kowa. Sunan ya bi ta har layinsu, matan da ke cin abincinta suka fara cewa sun ƙoshi.

Ta sayar da keken ɗinkinta, ta kama ɗan shago a tsallaken titi, daidai ƙofarsa. Tebur ɗaya, tsohuwar firiza mai tari, sai bahon ƙanƙara. Masu saye kuwa sai su leƙo su wuce. Wa zai sayi kifi a hannun ƙazama?

To amma akwai abin da Yaya bai sani ba, don bai taɓa sunkuyawa a shagonsa ba. A ƙarƙashin teburin yanka, bayan bokitai, akwai wani rami mai murfi inda ruwan wanki ke bi, raga na tare ɓawo da guntun hanji. Kullum kafin a rufe, ita ke durƙusawa ta kwashe shi da hannu. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya gani. Ta tafi, ta bar musu raminsu.

Wari ya fara a hankali, sannan ya yi gaba. Yaya ya zubar da kifi mai kyau, ya zagi mai kawo kaya, ya kira mai gyaran firiza, ya bi bango da turare. Kai, turare da ruɓa in sun haɗu, ai gara ruɓar ita kaɗai! Ƙudaje suka tare. Mutane suka fara tsallako titi, hannu a hanci. Ita kuwa tana wasa wuƙarta tana kallo, daɗi har cikin ranta.

Mijinta ya ce, "Haba Uwar Biyu, ɗan'uwana ne fa. In kin san wani abu ki faɗa masa."

"Ya san hanyar shagona," ta ce.

Yaya kuwa ya zo, da farar rigarsa, ana tsakiyar cinikin safe. Ya rage murya.

"Me kika binne mini?"

"Ni? Yaya, ƙazama ta isa ta yi maka asiri?"

"Ki bar wannan. Shagon zai mutu."

"Akwai maganinsa. Juya ka gaya wa mutanen nan wanda ya sayar da ruɓaɓɓen kifin."

Ya dubi matan da ke tsaye da kwanukansu, ya waiga ya dubi shagonsa, babu ko mage.

"Ni ne," ya ce.

"Firizata na da ƙara, Yaya. Ban ji ba."

"Ni na sayar! Ba ita ba ce!"

Wata tsohuwa ta tafa hannu ta yi salati. Uwar Biyu ta goge wuƙarta a tsumma, ba gaggawa.

"Janye bokitan da ke ƙarƙashin tebur, za ka ga murfi. Kada ka sa sanda, ragar za ta ɓalle ta toshe bututun. Hannu ake sawa, har gwiwar hannu."

Masu yi masa aiki suna jin abin da ke cikin ramin suka ce su ba a ɗauke su don wannan ba. Daga inda take tsaye tana hango shi ta ƙofa, ya naɗe hannun farar riga, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, yana kwasa yana kakarin amai. Ranar duk wadda ta sayi kifi a wurinta sai da ta samu gyara.