Barista Bunu Ya Gamu da Abokin Aiki

Bunu bai taɓa karatun lauya ba. Ya daɗe yana wankin mota a bakin wata kotu a Kano, yana tsintar Turancin lauyoyi. Da ya dawo Ajingi da baƙar kwat ta gwanjo, ya ce a riƙa kiransa Barista, aka kuwa kira.

Da shanun wani mutum mai suna Datti suka cinye wa wata tsohuwa mai suna Hajo gyaɗa, sai ta ɗauki Bunu ya tsaya mata a kotu a Gaya. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Inna, ko saniyar ma sai ta yi bayani."

Ranar shari'a ya shiga yana taku ɗai-ɗai. Yana hango lauyan Datti gabansa ya faɗi. Abba ne, wanda suka yi wankin mota da bokiti ɗaya, shi ma cikin kwat yana gumi.

Bunu ya ga gara ya riga shi. Ya miƙe ya ce, "Ya Mai Shari'a, wannan ba lauya ba ne, mai wankin mota ne!"

Alƙali ya ce, "Ya aka yi ka sani?"

Abba ya yi caraf ya ce, "Ni nake sa sabulu, shi yake ɗauraya."

Aka nemi shaidar zama lauya, babu mai ita, alƙali ya sa ɗan sanda ya tafi da su. Ana fita da su Bunu ya hango Hajo da Datti a gindin darbejiya suna sasantawa da kansu, ko kallonsa ba su yi ba.