Shafi Na Arba'in Da Uku

Shekara goma sha tara Malamin adabi ya yi yana koyar da littafi ɗaya, har ta kai ba ya buɗe shi. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, in aka cire gashin baki. Sai ya tsaya gaban allo, littafin a rufe a hammata, ya zubo shafi guda da ka, ɗalibai na hamma, shi kuwa ya ɗauka mamaki ne ya buɗe musu baki.

Littafin tsohon labari ne na wani matafiyi farar fata da baransa baƙi. Duk inda baran ya fito, in ba zare ido yake ba to faranti yake fasawa, marubucin kuma ya ci rabin shafi yana kwatanta leɓɓansa da faɗin hancinsa. Manhajar bana ta ce a nuna wa 'yan ajin ƙarshe yadda tsofaffin littattafai ke raina baƙar fata, Malam ya ji an zo fagensa. Kwafin makaranta uku ne, biyu ba su da tsakiya. Don haka ya ɗauko nasa na gida, wanda ya yi sakandare da shi, ya miƙa wa Monitar ajin ya ce ta kai ofis a buga shafi na arba'in da uku, guda arba'in. Ana kaɗa ƙararrawar tashi ta raba takardun, ta mayar masa da littafinsa, ya jefa a jaka. Bai duba ba. Me zai duba a shafin da ya haddace?

Washegari tun bai ajiye jakar ba masinja ya ce Shugabar makaranta na nemansa. A bakin ofishin ya tarar da Monita a tsaye ta jingina da bango, idanunta sun yi jawur. Ta gaishe shi.

Shugaba ba ta ce ya zauna ba. Takarda ta turo masa da ɗan yatsa, kamar mai tura mataccen kyankyaso.

"Malam, duba gefen."

Ya duba. A gefen shafin, daidai inda ake kwatanta baran, an zana kan mutum, an cika shi da tawada har ya toshe, sai idanu biyu da leɓɓa kamar takalmi. An ja kibiya daga zanen, an rubuta: Gawayi.

Ya san zanen. Ya san ranar da aka yi shi: aji uku, darasin bayan hutun kalaci, bencin da ke kusa da taga. Ya san yaron da ke zaune a gefensa, wanda ya fi kowa duhun fata a ajin, wanda tun daga ranar ba a sake kiransa da wani suna ba.

"Ka san wane ne Gawayi?" in ji Shugaba.

"Ranki ya daɗe… sunaye da yawa…"

"Mai gyaran firji na bakin babban titi. Kowa haka yake ce masa, har ni, Allah ya yafe mini. 'Yarsa tana ajinka, benci na biyu. Jiya tun daga ƙofa har titi ana ɗaga mata takardar nan ana dariya. Yau ta ƙi zuwa. Uban ya bugo waya, ƙarfe tara zai iso."

Agogon bango ya nuna tara saura kwata.

"Waccan kuwa," ta nuna ƙofa da haɓa, "ita ta kai littafin, ita ta dawo da shi. Ba ita ce ta zana ka bara da tumbi har gwiwa ba?"

"Ita ce. Amma tumbin akwai shi, ranki ya daɗe."

"Ba wasa na kira ka ba. Ta rantse ta maya cewa a haka ta gan shi, wai ta zaci cikin darasin yake. Na rubuta takardar dakatarwa, mako biyu."

"Jarrabawar fita Litinin ce."

"Na san ranar jarrabawa, Malam. Sai ta jira baɗi. Ina littafin? A gani ko tawadar ta bushe."

Littafin na cikin jaka, jakar na rataye a kafaɗarsa, yana jin kusurwarsa na sukar haƙarƙarinsa. Duk mai ido in ya buɗe zai ga tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, ta girmi Monita ninki biyu.

"Na baro shi a gida," in ji Malam.

Shi kansa ya yi mamakin yadda maganar ta fito sumul, ba ko tari. Ashe mutum zai shekara goma sha tara yana koyar da gaskiya da jarunta a cikin littattafai, ranar da aka zo kansa ya tarar ba ya da ko na cefane.

Shugaba ta ce ya zauna. Ya zauna, ya rungume jakar a cinya kamar mai jiran mota. Fanka na juyawa a sama tana ƙara kaɗan kaɗan. Ya shiga yi wa kansa huɗuba. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, shekara ɗaya ba za ta kashe ta ba. Shi kuwa yana da 'ya'ya huɗu, ga ƙarin girma da ake rade-raɗin za a yi masa. Kuma wa zai tuna zanen shekara talatin da uku? Ta tagar ƙofar yana hango gefen kafaɗar Monita, tana ɗagawa tana sauka.

Tara da minti biyar aka yi sallama.

Mutumin ya shigo da riga mai guga, hannayensa duk tabon ƙuna. Ya yi ƙiba, kansa ya yi furfura, amma tafiyar tana nan, ta mai gudun kada ya tsare wa wani hanya. Ya gaishe da Shugaba, ya juyo ya miƙa wa Malam hannu. Riƙon ya ɗan daɗe.

"Malam, ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya aiki?"

"Aiki da godiya."

Shugaba ta ba da haƙuri da sunan makaranta, ta ce an gano mai laifi, ta sa aka shigo da Monita. Ta ɗaga takardar dakatarwar ta nuna masa, saura sa hannu kawai. Mai gyaran firji ya zaro nasa kwafin shafin daga aljihu, ya warware shi a kan gwiwa, ya shafe shi da tafin hannu.

"'Yan mata, ke kika yi wannan?"

"Wallahi Baba ba ni ba ce. Ni in zan zana mutum ina barin masa wuya."

Ya ɗan murmusa. Ya juya ya zuba wa Malam ido kawai, ba fushi, ba gaggawa, irin kallon da yake yi wa firji yana jira ya ji ko zai tashi.

Shugaba ta cire murfin biro.

Malam ya so a ce jarunta ce ta motsa shi. Ba ita ba ce. Kallon ne ya fi ƙarfin hanjinsa. Ya zuge jakar, zik ɗin ya maƙale a rabi kamar shi ma yana da 'ya'ya huɗu, ya fizge shi, ya ɗora littafin a kan tebur a buɗe.

"Ba a gida yake ba, ranki ya daɗe. Ni na zana. Muna aji uku."

Biron ya tsaya a sama. Shugaba ta dubi shafin, ta dubi Malam, ta sake duban shafin. Monita ta rufe baki da hannu biyu.

"Na sani," in ji mai gyaran firji. "Birona ka ara ka yi shi. Ka ce minti ɗaya."

"Ka yafe mini. Yarinta ce…"

"Yarintar taka ta yi tsawon rai. Matata sai bayan aure da wata biyu ta daina ce mini haka. A allon shagona na rubuta sunana da fenti, manya-manyan baƙaƙe, ba mai karantawa. Ni na saba. Ita yarinyar ce ba ta saba ba, kuma ba na so ta saba."

Shugaba ta yayyaga takardar dakatarwar gida huɗu.

"Koma aji," ta ce wa Monita. "In na ji labarin nan a bakin wani kafin hutun kalaci, ke ce." Sannan ta dubi Malam. "Kai kuma takardarka daban. Kafin tashi za ta same ka. Maganar ƙarin girma ka manta da ita."

"Na manta, ranki ya daɗe."

Mai gyaran firji ya miƙe, ya ninke kwafinsa.

"Abu ɗaya, Malam. Faɗi sunana."

Malam ya buɗe baki. Shafi na arba'in da uku a kansa yake, waƙafi da aya, sunan karen matafiyin ma yana nan. Sunan wanda suka shekara uku a benci ɗaya babu. Idonsa ya zame zuwa rajistar ajin da ke gefen teburin.

"Kar ka duba. Wata bakwai kana kiran sa kullum da safe, a bayan na 'yata."

Malam ya rufe ido, ya bi ajin benci benci kamar yana kiran suna. Na ɗaya. Na biyu, gefen bango, yarinyar da ba ta ɗaga hannu sai ta tabbata. Ya faɗi sunanta, na uban ya biyo baya da kansa.

"To," in ji mutumin. "Ashe yana nan. Gobe zan kawo ta da kaina. Darasin ƙarfe nawa ne?"

"Goma da rabi."

"Akwai benci a baya?"

"Akwai, amma ƙafarsa ɗaya na rawa."

"Zan zo da kayan aiki. Kai kuma ka zo da littafin, a buɗe. Marubucin nan ya mutu, yaran ba za su iya tambayarsa me ya sa ba. Kai kana nan."

Ya yi wa Shugaba sallama ya fita. Malam ya ɗauki littafin zai rufe, ya fasa. Ya sa yatsa a shafin, ya fito baranda da shi haka, ya nufi ajin, inda tun daga nesa yake jin Monita ta fara ba da labarin, ba ta jira hutun kalaci ba.